Bayan An Rufe Shafin Rawa

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Malachy ya kira ni ofis da safe. Tun da na ga ya tashi ya rufe ƙofa jikina ya ba ni. Shekara shida yana editan jaridar nan, ko faɗa yake da matarsa a waya ƙofar a buɗe take.

Masu jaridar sun ce daga ƙarshen Oktoba babu shafin rawa. Shafi na sha huɗu za a ba wa tallan gidajen abinci. Ya ce ba laifina ba ne, sau uku ya faɗa. Ya ce yanzu na'ura tana nuna musu mutum nawa ke buɗe kowane rubutu a waya, kuma rubutuna dai… Na ce ya ƙarasa. Ya ce sharhina na makon jiya mutum goma sha ɗaya suka buɗe shi.

Na san uku a ciki. Ni, da 'yata Afnan, da ni kuma a kwamfutar laburare.

Shekara ashirin da biyu ina zuwa kallon rawa a garin Greensboro na Amurka ina rubuta abin da na gani. Saura fitowa takwas.

Na zauna a mota wajen minti arba'in ban tayar da ita ba.

Talata, 9 ga Satumba

Ban gaya wa kowa ba. Na dafa shinkafa na manta gishiri, na ci haka nan.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan an idar da salla Alhaji Surajo ya kama hannuna a wajen takalma: “Malam Zubair, ya kallon 'yan mata?” Aka yi dariya. Gaisuwarsa ke nan shekara ashirin, kuma kullum nakan taya su dariyar. Yau bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ce lafiya dai? Na ce haƙori.

Ba su taɓa ɗaukarsa aiki ba. A wurinsu ni tsohon ma'aikacin sito ne na kamfanin kujeru, mai wata 'yar ɗabi'a da ake kau da kai a kanta. Kuma da gaskiyarsu ta wani gefen, siton ne ya ciyar da mu har na yi ritaya.

Na tuna Baba a hanya. Kalangun mahauta yake kaɗawa a Funtuwa. Ranar kasuwa yakan ajiye ni a gindin rumfa, ina ɗan shekara shida, idona daidai gwiwar masu rawa. Shi ya koya mini in fara kallon dunduniya kafin fuska. Da na fara rubutu a wata jaridar Hausa a Kaduna, kan koroso da takai da rawar 'yan tauri, aka kai masa, aka karanta masa. Ya ce, “Wato yanzu ana biyan mutum don ya yi kallo?” Ya yi ta dariya har da tari. Amma ya sa takardar a cikin hularsa.

Nan kuwa wasiƙa ce ta jawo. A 2003 wani ya rubuta a jaridar nan cewa wasu 'yan Afirka sun yi “rawar ƙabila”. Na aika musu shafi uku ina tambayar wace ƙabila, wace rawa, wace ƙafa suka fara ɗagawa. Editan lokacin ya buga mini waya ya ce tunda na fi su sani in zo in yi. Daga nan na koyi kallon nasu ma, masu tsayuwa a kan yatsu da masu birgima a ƙasa. Na karanta duk abin da laburare ke da shi. Na zaci na gina wani abu.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na je Summerfield wurin Afnan. Ta yi tuwo da miyar kuka, ta sa man shanu kamar yadda uwarta ke yi. Bayan cin abinci na faɗa mata.

Ta ce, “Ayya, Baba.” Ta riƙe hannuna. Sai kuma, tun kafin hannun ya yi ɗumi: “To ai sai ka dawo nan. Ɗakin ƙasa yana nan ba kowa. Dama ni ba na son zamanka kai kaɗai tun rasuwar Mama.”

Mijinta Haidar ya ce ƙwarai, har da banɗaki a ciki.

Na ga sauƙi a fuskarta. Ba ta ɓoye shi da kyau ba. Yarinyar kirki ce, nas ce, ta saba tunanin inda za a kwantar da mutum. Amma da ta jira ko gobe.

Ta taga ana hango dawakan maƙwabcinsu, uku, suna tsaye ba sa komai.

Asabar, 27 ga Satumba

Wasan rana, wata ƙungiya daga wajen jiha. Zauren yana cin mutum ɗari uku, na ƙirga kawuna arba'in da biyu, rabi furfura.

Ba wani abin kirki sai wuri ɗaya. Wata doguwar yarinya ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta karkata, ta ci gaba da karkata har na tabbatar za ta faɗi, sai ta bari faɗuwar ta ɗauke ta ta zama gudu. Daƙiƙa huɗu. Na ji shi a cikina. Na juya in ga ko wani ya gani, na kusa da ni yana duba waya.

An yi, ya wuce. Ita kanta ba za ta iya maimaita shi haka ba. Da, nakan ce ai ga ni, zan rubuta, ba zai ɓata ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na fara kwashe kwalaye, ko zan koma ko ba zan koma ba. Matata Rahama, Allah ya jiƙanta, ita ke yanke sharhina duk mako ta manna a manyan littattafai, har watan da ta kwanta. Goma sha takwas ne. Ban taɓa buɗe su ba tun da ta tafi.

Na buɗe na 2012. Afrilu. Hoton Fauzia Sulley ya fara bugun idona, hannu sama, zane a ɗamare.

'Yar zangon Kumasi ce. Ta tara mutum bakwai, shekara biyu suna gwaji a wani gareji, suka kama zaure suka nuna wasan da ta gina a kan takai irin ta mutanen arewacin Gana. Ga abin da na rubuta, in na mayar da shi Hausa: “Wannan tsarabar filin jirgi ce, irin wadda ake sayar wa baƙon da ya tuna a ƙofar fita cewa bai sayi komai ba.” Sauran ma duk haka, sakin layi shida.

A gefen takardar, da jan biro, rubutun Rahama: Haba, Malam.

Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Ta manna, ta rubuta, ta rufe.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ko a nan: wasan bai yi muni ba. Yana da tsawo, an cika hayaƙi a dandamali, amma tsakiyarsa akwai rai. Editan lokacin ne ya ce mini cikin raha kafin in tafi, in dai yi adalci, kada in yabi 'yan uwana don 'yan uwana ne. Maganar ta tsaya mini a wuya. Na so su gani cewa ni ba ɗan Afirkan da aka ɗauka don ya tafa wa 'yan Afirka ba ne. Da ita na nuna musu.

Bayan wata biyu na ji masu tallafa mata sun janye, ƙungiyar ta watse. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je shagon Imoro sayen daddawa, ko da yake akwai saura a gida. Shi duk wani ɗan Gana a garin nan ya san inda yake kwana. Na bari ya gama ɗaure kaya sannan na tambaya.

Ya dube ni ta saman tabarau. “Anti Fauzia? Me ya faru?”

Na ce ba komai, gaisuwa.

“Gaisuwa,” in ji shi. Ya daɗe yana ƙulla leda. Ashe su duka sun sani, shekara goma sha uku ina sayen kaya a hannunsa.

Ya ce tana aikin kula da tsofaffi a wani gida a Pleasant Garden. Ran Alhamis da ƙarfe biyu tana sa su motsa jiki. Lambarta kuwa ba zai bayar ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je.

Gini ne dogo mai hawa ɗaya, bayan wata coci, fili ko'ina. Ciki warin maganin goge ƙasa da dafaffen wake. Na ce wa ta gaban tebur na zo wurin Fauzia, ta nuna mini wani falo mai talabijin a bango.

Ta yi ƙiba. Tana ɗingisa ƙafar hagu. Rigar aiki shuɗiya da ɗankwali. Tana jera tsofaffi a kekunan guragu a da'ira, ta ɗago ta gan ni, ba ta ko tsaya ba.

“Malam ɗan jarida,” ta ce. “Ka ɓata hanya ne?”

Na ce na zo in gan ta. Ta ce tana aiki, in zauna can in ba zan tare hanya ba.

Su tara ne. Biyu barci suke. Ta kunna kiɗa a waya ta 'yar ƙaramar sifika, gangunan gida, a hankali. Ta shiga tsakiya ta fara da kafaɗa kawai. Ba ta ce wa kowa ya yi ba. Ta bi su ɗaya ɗaya, ta durƙusa a gaban kowa da wannan gwiwar tata, ta nemo abin da ya rage yana motsi a jikinsa. Wani yatsu biyu ne. Wani haɓa. Wata tsohuwa mai koriyar suwaita, wadda na zaci ba ta san inda take ba, dunduniyarta ta fara bugun matakin keke, kuma a kan kiɗa take, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Fauzia ta ɗauki bugun nan ta mayar da shi nata, ta juya da shi, ta kai wa na gaba. Kafin minti ashirin falon duka yana tafiya tare. Har ɗaya daga masu barcin.

Takai ce. Ta cire sanduna, ta cire tsalle, ta cire kusan komai, amma zagayen nan da haɗuwa da juyawa suna nan. Na fi shekara biyar ban ga abin da ya kai wannan ba.

Da aka gama na taya ta tura kekuna biyu. A baranda na fara maganar da na shirya tun a mota. Ban kai rabi ba ta tare ni.

“Na haddace shi, Malam. In karanta maka?”

Ta karanta. Da Turanci, kalma bayan kalma, har inda na sa waƙafi tana tsayawa. Sakin layi na farko duka. Ina tsaye.

Sannan ta ce, da Hausarta ta zango: “Mamana ta zo daga Kumasi saboda wasan nan. Zuwanta na farko, na ƙarshe. Ta ga hotona a jarida ta ce in fassara mata. Na ce an ce na iya. Ta tafi da shi gida ta sa a gilas ta rataye a ɗakinta. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta nuna masa. Kuma ka san yaran zango yanzu duk suna karanta Turanci.”

Na ce innalillahi.

“Ba wanda ya gaya mata har ta rasu. Sun fi ka kirki.”

Aka kira ta daga wani ɗaki. Ta tafi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban je masallaci ba. Allah ya yafe mini.

Talata, 14 ga Oktoba

Na yanke shawara sharhin ƙarshe, na ran 29, a kanta zai zama. Abin da na gani a falon nan, da abin da na yi a 2012, da dalilin da ya sa. Da sunana a ƙasa.

Tun bayan asuba nake kai. Na yaga farko sau biyar, kullum sai in tarar ina gyara kaina a ciki, ina sa wa kaina riga mai kyau. Mai ba da haƙurin da ya iya rubutu abin tsoro ne. Na cire duk jimlar da ta yi mini daɗi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na koma neman izini, tunda wurin aikinta ne. Ta ce kada in sa sunan gidan, kada in sa sunan kowane tsoho. Nata kuwa in yi yadda na ga dama.

“Wa zai karanta?” ta ce. Ba da gatse ba. Tambaya ce.

Na ce ban sani ba.

Na tsaya na kalli ajin. Mai koriyar suwaita ba ta motsa ba yau, an ce ba ta ci abinci ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na tura wa Malachy. Kalma dubu da ɗari biyu, ninkin abin da aka saba ba ni. Na ce na ƙarshe ne, ya yi mini alfarma.

Na ji sanyi a raina yau, har na wanke mota.

Laraba, 22 ga Oktoba

Malachy ya kira da hantsi. Masu tallan sun matsa, an ja ranar baya da mako ɗaya. Fitowar yau ita ce ta ƙarshe. Ran 29 babu shafin rawa.

Na ce a intanet fa? Ya ce ya gwada. Na sama sun ce ba sa son a tono abin da jarida ta buga shekara goma sha uku da suka wuce a ce kuskure ne, ba su san me zai biyo baya ba. In na yarda a cire wannan ɓangaren, a bar labarin tsofaffi masu motsa jiki, zai sa a shafin lafiya.

Na ce a'a.

Ya ce ya karanta sau biyu, shi ne mafi kyawun abin da na taɓa ba shi. Na ce na gode. Me zan yi da wannan?

Na fita na ɗauko jaridar yau a akwatin jaridu na ƙofar kanti. Abin da ya zama rubutuna na ƙarshe a duniya: jerin ranaku da lokutan wasannin 'yan makaranta na Disamba, da inda ake ajiye mota kyauta.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na buga shi a laburare, shafi huɗu, na kai mata. Na gaya mata ba za a buga ba.

Ta karɓa ta duba shafin farko kamar mai duba takardar magani. Ba ta karanta ba. Sifikar nan tata tana kakkarwa a kan tebur in ganga ta yi ƙarfi, sai ta ninke takardun biyu ta tura ƙarƙashinta. Ƙarar ta daina.

Na yi niyyar in juya in tafi. Sai ta ce wadda ke riƙe mata waya ta bar aiki, ita kuma hannunta biyu na wurin tsofaffi. Ta miƙo mini.

“In na ɗaga hannu ka tsayar. In na gyaɗa kai ka sa na gaba. Ka iya?”

Na ce Hajiya Fauzia, game da abin da na rubuta…

“Ban ce na yafe ba, Malam. Na ce ka danna.”

Na danna. Minti arba'in da biyar. Sau ɗaya na sa wanda ba shi ba, ta harare ni, na gyara.

Da za ni ta ce, “Medaase,” wato na gode da yarensu na Kumasi, ba ta ko kalle ni ba. Takardun na nan ƙarƙashin sifika.

Laraba, 29 ga Oktoba

Soyayyiyar kaza, biyu a kuɗin ɗaya. Tallan da aka sa a wurin shafina ke nan.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan in hunturu ya gabato. Ƙarfe biyar da rabi magariba ta yi. Yini ya zama guntu amma ya ƙi ƙarewa.

Na ce wa Afnan to, zan koma wurinsu. Ta yi ta murna a waya tana cakuɗa Hausa da Turanci, za ta sa a yi fenti, wane launi nake so. Na ce kowanne.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na kira wani laburare mai ajiye tsofaffin takardu, ko za su karɓi littattafan Rahama. Tarihin rawar garin nan ne na shekara goma sha takwas, ƙungiyoyin da suka mutu, sunayen da ba kowa ke tunawa ba. Matar ta saurare ni da ladabi. Ta ce ba su da wuri, kuma gam ɗin da aka manna da shi yana cin takarda, nan da 'yan shekaru duk za su yi baƙi.

Na duba na 2003. Ta yi gaskiya. Ya fara.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Akwai wasan rana a babban zaure. Na sa kwat na tafi kamar kullum, na tsaya a teburin 'yan jarida na faɗi sunana. Yarinyar ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ta sake bi. Ta ce wace jarida? Sai na tuna yanzu babu.

Na sayi tikiti kamar kowa. Kujerar tana can sama, inda ba a ganin ƙafa, sai tsakiyar kawuna. Na fito da aka yi hutun rabi. Ba don wasan ba, ban ma san ko yana da kyau ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An kwashe ni. Haidar da abokansa biyu, awa uku, rayuwar shekara ashirin da shida a Amurka. Littattafan suna garejinsu, a kan shiryayye, tsakanin injin yankan ciyawa da tayoyi.

Ɗakin yana da kyau. Ruwan toka ta zaɓa. Tagar tana daidai da ƙasa, ina ganin ƙafafun duk mai wucewa, sai dai nan ba mai wucewa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Mai koriyar suwaita ta rasu ran Litinin. An rufe da'irar da keke takwas. Ba wanda ya ambace ta. Fauzia ta sa kiɗan da marigayiyar take so, ta ce in bar shi ya kai ƙarshe ko ta ɗaga hannu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Alhaji Surajo ya ji labari. Ya ce, “To alhamdulillahi, Malam Zubair, yanzu sai a fuskanci lahira.” Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce haka ne, Alhaji.

Ya daina yi mini waccan gaisuwar. Ban zaci zan ji rashinta ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Daga nan zuwa Pleasant Garden minti arba'in ne, sai an ratsa gari duka. Afnan ta ce, “Baba, me kake zuwa yi can duk mako? Biyanka suke?” Na ce makaniki ya ce batirin motar na son doguwar tafiya. Ya faɗa ɗin, bara.

Su bakwai yau, ɗaya yana asibiti. Kafin a fara Fauzia ta gaya mini masu gidan sun ce daga Janairu babu ajin, za a sa musu bidiyon motsa jiki a talabijin, ita ta koma ɗakuna. Ta faɗa tana jera kekuna, kamar labarin ruwan sama. Na ce zan rubuta musu wasiƙa. Ta dube ni. Na taya ta jera kekunan.

Gwiwar ta matsa mata yau. Sau biyu ta saɓa wa kiɗa a wurin juyawa, na biyun ma sosai, ta shigo a makare da taki guda cur. Na gani. Ita ma ta san na gani, ta juyo tana jira. Na sunkuyar da kai ga wayar, na ja kiɗan baya kaɗan yadda zai same ta a inda take. Ba wani abu ba ne, yatsa ne ya zame.

Ba ta karanta ba har yanzu, ko ta karanta ba ta ce ba. Na daina tambaya.

Saura Alhamis ɗaya, ta sama kuma Kirsimeti ce, ba aji. Ta ce mako mai zuwa in zo da ƙarfe ɗaya da rabi, akwai mai nauyin da ba ta iya turawa ita kaɗai.

Na ce sai na ga yadda hanya take.

Na sha mai a hanyar dawowa. Na cika tanki.